Hannun Lauya Tamu

Sabi Mora ya iso majalisa da wuri ran nan, don ya san ɗansa zai riga kowa zuwa. Tun daga Kwatano direba ke fama da 'yan kabu-kabu a hanyar Porto-Novo, shi kuwa yana zaune a baya yana gyara maganar da zai yi wa yaron. Ba wata babbar magana ba ce. Uwar yaron ce ta sauka jiya daga Banikwara da doya da cukwin Fulani, ta ce a kira mata Woru ya zo ya ci sakwarar hannunta. Amma ko wannan sai da Sabi ya yi ta juya ta a ransa, don kada ta fito kamar roƙo.

Sabi manomin auduga ne. Aji shida ya yi a makaranta, gona ta kira shi. Manoma suka ɗora shi a kan ƙungiyarsu, jam'iyya ta ga yana da jama'a ta sa sunansa, ga shi yau zango na biyu yana zama a layin baya na majalisar dokoki. A layin gaba kuwa akwai Lauya Bio Tamu, ɗan garinsu kuma sa'ansa, wanda suka zauna benci ɗaya a makaranta har Sabi na ba shi satar amsar lissafi. Tamu ya ci gaba da karatu, ya tsallaka teku, ya dawo da Faransanci mai santsi wanda in ya fara har 'yan adawa sukan ajiye waya su saurara.

Da Woru ya gama karatun shari'a, Sabi ne da ƙafarsa ya kai shi ofishin Tamu ya ce, "Ga ɗanka nan, ka koya masa aiki." Magana ce ta fatar baki, irin wadda kowane uba ke yi. Bai san za su ɗauke ta da gaske ba. Yanzu yaron a gidan Tamu yake kwana, irin gilashin Tamu yake sawa, in zai yi magana sai ya taɓa gefen gilashin da ɗan yatsa, sak yadda Tamu ke yi.

Sabi ya sami Woru a baranda rungume da takardu. Woru ya rusuna rabi-rabi, iya inda wandon kwat ya ba shi dama.

"Baba, barka da asuba. Ka ji labarin Papa?"

"Wane Papa?"

"Lauya mana. Jininsa ne ya hau jiya da yamma, yana asibiti a Kwatano. Da sauƙi, amma likita ya ce ko ƙofa kada ya leƙa."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Sabi. Da gaske ya faɗa. Sai dai wani abu can ƙasan ransa ya ɗan miƙe ƙafa ya shaƙi iska, har shi kansa ya ji kunya.

"To, ƙuri'arsa kai ya bar wa. An riga an sanar da shugaban majalisa. Yau hannu biyu za ka riƙa ɗagawa."

Haka ake yi a gidan. Ɗan majalisar da uzuri ya hana shi zuwa yana iya damƙa ƙuri'arsa ga abokin aiki guda, in an zo ƙirga sai wancan ya ɗaga hannu biyu, ɗaya nasa, ɗaya na mai ita.

"Ni? Duk 'yan bokon da ke jam'iyya sun ƙare ne?"

"Kai dai aka ba. Kuma yau ce ranar gyaran nan, Baba. Jagoran jam'iyya ya ƙirga mutanenmu, ya ce da ƙyar ne. Ko hannu ɗaya ya sauka mun faɗi."

Sabi ya buɗe baki zai kawo maganar doya, sai wayar yaron ta yi ƙara. Woru ya duba, fuskarsa ta washe, ya ce, "Papa ne," ya juya ya yi gaba.

Gyaran da ake magana ɗan sashe ne da za a saka a cikin dokar noma: duk mai sayar da maganin feshin auduga dole ya karɓi jarkokinsa bayan an gama amfani da su, ya kuma lalata su. A ƙauye ba a yar da jarka. Mata su ɗauraye ta su zuba ruwa, ko mai, ko kunu. Shekarun baya, a gidan maƙwabcin Sabi, yara biyu suka sha kunu daga irin wannan jarkar. Shi ya ɗauke su a bayan akori-kurarsa zuwa asibiti, Woru yana ɗan firamare a lokacin, yana riƙe da kan ƙaramar a cinyarsa. Ɗaya ce ta dawo gida. Tun daga ranar Sabi bai bar maganar jarka ba. A teburin cin abinci ita ce, a wurin biki ita ce. Ya taɓa kawo ta a taron jam'iyya, Faransancinsa ya harɗe masa, aka yi dariya aka wuce. Sai ga Woru ya zauna ya rubuta ta da yaren doka, Tamu ya sa hannu, jaridu suka sa mata suna Gyaran Tamu.

A zauren, maƙwabciyar kujerarsa ta riga shi zama. Madam Akwavi ce, babbar dillaliyar kifi daga bakin tafki, mace mai jiki da murya, wadda ta yi shekaru tana cewa za ta aure shi in matarsa ta gaji.

"Mai Auduga, na ji yau ka zama mutum biyu. To wanne zan gaisar, manomi ko lauya?"

"Gai da wanda zai iya ciyar da ke, Uwar Kifi."

"Ai kuwa lauya ne. Kai ko naman miya sai ka yi ciniki."

Shugaban majalisa ya shigo, aka miƙe, aka zauna, ya buga guduma. Aka fara da ƙananan abubuwa. Rahoton zaman da ya wuce, wanda babu mai saurare. Sai wata yarjejeniyar kamun kifi da ƙasar maƙwabta, wadda Madam Akwavi ta yi ta zuba a kanta har sai da aka roƙe ta ta zauna. Da aka zo ƙuri'a, shugaba ya ce masu goyon baya su nuna. Sabi ya ɗaga hannayensa biyu, hannun babbar rigarsa ya zame har kafaɗa.

"Wayyo, Sabi ya yi saranda!" Wani ɗan adawa ne mai suna Dosu, ɗan siriri mai bakin tsiya, ya ƙwala daga can ɓangaren. "Onorabul, wa ya nuna maka bindiga?"

Zauren ya ɗauki dariya. Sabi ma ya yi, don ba yau suka fara ba. Amma ya lura da wani abu. Hannun dama da ya ba Tamu a ransa ya fi na hagu tashi sama, kamar shi ma hannun ya san na wa ne. Ya waiga kujerun ma'aikata da ke jikin bango. Woru na can, kansa a sunkuye, yana rubutu a waya.

Da aka tashi hutun rana, Sabi ya kama kujeru biyu a wurin cin abinci, ya sa aka kawo agidi da soyayyen kifi da yaji na mutum biyu. Ya aika direba ya kira yaron. Direba ya dawo ya ce yana zuwa. Kifin ya huce. Sabi ya tashi ya leƙa ta taga, ya hango Woru a gindin bishiyar mangwaro tare da wata 'yar jarida mai riƙe da na'urar ɗaukar magana. Ya fita kamar zai je mota, ya bi ta kusa da su a hankali.

"Kai ne ɗan Lauya Tamu, ko?" in ji 'yar jaridar.

Woru ya yi dariya, ya taɓa gefen gilashinsa. "Kusan haka ne."

Wataƙila ya ƙara wani abu bayan nan. Sabi bai tsaya ji ba. Ya koma ya zauna gaban faranti biyu, ya ci nasa bai ji ɗanɗano ba, ya tura wa Madam Akwavi ɗayan. A ransa yana ta ƙirga abin da bai kamata uba ya ƙirga ba: daren da ƙyanda ta kama yaron ya kwana a tsaye da shi a kafaɗa, shekarar da tsutsa ta cinye auduga ya sayar da shanun huɗa don kada a kore shi daga makaranta. Ina Tamu yake a lokacin? Yana can ƙasar sanyi yana koyon yadda ake taɓa gilashi.

Sai wani tunani ya shigo masa, ya zauna daram. In gyaran ya faɗi yau, ai ba ya mutu ba ne. Za a iya dawo da shi baɗi. Tamu ga ciwo, wa ya sani ko zai sake tsayawa takara? Yaron zai rasa wurin zuwa sai gida. Su zauna su biyu su sake rubuta shi, wannan karon da sunan wanda ya ɗauki yaran a mota. Ya kori tunanin, ya yi a'uziyya. Tunanin ya fita ta ƙofa ya dawo ta taga.

Bayan hutu aka shiga dokar noma, sashe bayan sashe, har aka iso kan jarka. Mai gabatar da rahoton kwamiti ya karanta gyaran, ya ce marubucinsa na kwance asibiti, Allah ya ba shi lafiya. Aka tafa. Wakilin gwamnati ya miƙe ya ce niyyar mai kyau ce, sai dai wa zai bi ƙauyuka yana tattara jarka, kuma a ina za a ƙone ta? Wani daga cikin jam'iyyarsu Sabi ya ce hakan zai sa magani ya yi tsada, manomi ne zai kwana ciki. Wata ta ce a mayar da shi kwamiti. Har Dosu ya karɓi magana ya ce shi bai yarda da gyaran ba, amma ya yi kewar mai shi, don yau zauren kamar miya ba gishiri.

Sabi ya sa sunansa cikin masu magana. Rabon da ya yi haka har ya manta. Da aka kira shi, shugaba ya ce minti biyu gare shi. Ya miƙe, ya gyara riga, ya danna makirufo, jan haske ya kama. Ya san abin da zai faɗa. Zai faɗi sunan yarinyar da ba ta dawo ba. Zai ce shi ya tuƙa motar. Zai ce wanda ya riƙe kanta yana cikin zauren nan, kuma ɗansa ne, na cikinsa.

Amma ɗan Banikwara ba ya buɗe baki gaban manya bai yi gaisuwa ba. Ya gai da shugaba, ya yi masa fatan alheri shi da iyalinsa. Ya gai da mataimakansa ɗaya bayan ɗaya. Ya gai da wakilin gwamnati da tawagarsa, da shugaban kwamiti saboda ɗawainiya, da 'yan uwa na wannan ɓangare da na wancan. Ya ga ba daɗi ya tsallake mara lafiya, ya yi wa ɗan uwansa Lauya Tamu addu'a, zauren ya amsa da amin. Sannan ya ja numfashi ya ce, "Ranka ya daɗe, maganar jarkar nan, ni da idona…"

Jan hasken ya mutu.

"Mun gode, Onorabul. Lokaci ya cika."

"Ranka ya daɗe, ai ban fara ba!"

"Mun dai amsa gaisuwa!" in ji Dosu. "Ka gai da mutanen gida!"

Dariyar ta fi ta safe. Madam Akwavi ta jawo rigarsa ya zauna, tana cewa, "Rabu da su, mijina, ba su da tarbiyya." Kunnuwansa suka yi zafi. Ya saci kallon bango. Woru ya rufe fuska da tafin hannu. Ko dariya yake ɓoyewa ko kunya, Sabi bai iya ganewa ba, kuma bai san wanne ya fi ciwo ba.

Shugaba ya rufe muhawara. "Gyaran Onorabul Tamu. Masu goyon baya su nuna."

Hannaye suka tashi. Sakatarori biyu na majalisa suka miƙe suna bin layi-layi suna ƙirgawa da bakin biro. Sabi ya ɗaga hannun hagu. Na dama kuwa ya bar shi kwance a kan cinyarsa, ƙarƙashin tebur. Bai ce wa kansa ya yanke shawara ba. Ya dai ce bari ya ga ko wani zai lura. A layin baya yake, zauren cike, mutum nawa ne ke tuna wa ke riƙe da ƙuri'ar wa?

"Mai Auduga," Madam Akwavi ta yi masa raɗa ba ta juyo ba, "ina ɗayan?"

Ya yi kamar bai ji ba.

Sakatariyar da ke ƙirga ɓangarensu ta iso layinsa, bironta ya tsaya a iska. Ta duba abin da ke hannunta, ta sake dubansa, ta je ta sunkuya wa shugaba. Shugaba ya leƙo ta saman gilashi.

"Onorabul Sabi Mora, ƙuri'a biyu ke wuyanka, hannu ɗaya muke gani. Wannan na sama, naka ne ko na Onorabul Tamu? Sai mun sani kafin mu rubuta."

Kawuna suka juyo baya. Sabi ya shiga lissafi a ransa. In ya ce nasa ne, ya ci amanar mara lafiya a gaban duniya. In ya ce na Tamu ne, to shi Sabi Mora, mai maganar jarka, ya ƙi gyaran jarka ke nan. Bai taɓa tunanin za a tambaye shi ba. Ya dubi bango. Woru ya miƙe tsaye, ya cire gilashin yana riƙe da shi a hannu, yana kallonsa da idanun nan na ɗan firamare a bayan akori-kura.

Hannun dama ya fito daga ƙarƙashin tebur a hankali, kamar mai ɗaga buhu.

"Duka biyu ne, ranka ya daɗe."

"Hannun lauya ne, sai an biya kuɗin ganin sa yake fitowa!" in ji Dosu. Aka yi dariya, amma ba kamar ɗazu ba.

Aka ƙirga masu adawa, aka ƙirga 'yan ba-ruwanmu. Shugaba ya karanta sakamako, ya buga guduma. Gyaran ya wuce da ratar ƙuri'a goma sha ɗaya. Ashe 'yan adawan da suka fito daga yankin auduga duk sun ɗaga hannu tare da su, lissafin jagoran jam'iyya bai zo daidai ba. Da Sabi ya bar hannun a cinyarsa har gobe, da babu abin da zai canza. Aka ci gaba da sauran sassan dokar, yana ɗaga hannu biyu tun kafin shugaba ya rufe baki, amma babu wanda ya sake kallon wajensa.

Rana ta yi sanyi lokacin da aka tashi. Ya tarar da Woru a kan matakalar fita, shi kaɗai.

"Kafaɗata ce ta riƙe," in ji Sabi. "Ka san tun faɗuwar nan da na yi a gona."

"Da safe lafiyarta ƙalau, Baba."

Sabi ya tsaya kusa da shi. Motocin manya na fita ɗaya bayan ɗaya.

"Shi Papa, Madam Akwavi ya so ya bar wa ƙuri'ar," in ji Woru, yana kallon takalminsa. "Ni na roƙe shi ya ba ka. Na ce masa maganar jarka taka ce tun ina yaro, sunansa kawai muka ara don a saurara. Na ce ya kamata ranar da za ta wuce a ga hannunka biyu a sama. Har mai hoton jarida na roƙa ya tsaya ta ɓangarenka."

Sabi ya juyo ya dube shi. "Ya ɗauka?"

"Ya ɗauka. Tun farkon ƙirga."

Wayar ta yi ƙara. Woru ya duba, ya kara a kunne, ya ɗan juya baya. "Papa, ya wuce… Wallahi, da rata ma… Eh, yana nan kusa da ni." Ya saurara. "Eh. Biyu ya ɗaga." Ya ƙara saurarawa, ya yi 'yar dariya. "To, ga ni nan zuwa, in ba ka labari."

Ya kashe, ya mayar da gilashinsa.

"Uwarka ta zo jiya," in ji Sabi da sauri. "Ta kawo doya. Da cukwi."

"A ajiye mini. Sai na ga yadda jikinsa yake."

"Zo mu sauke ka, ai hanya ɗaya ce."

"Bar shi, Baba, babur ya fi sauri."

Ya rusuna, wannan karon har ƙasa, bai damu da wandon ba, irin gaisuwar da ake yi wa baƙon dattijo. Ya fita bakin titi ya tsayar da ɗan kabu-kabu.

Sabi ya shiga mota ya zauna, hannayensa biyu a kan gwiwa. Direba ya ce, "Gida, Onorabul?"

"Bi bayan babur ɗin can. Kada ka matse su. Ka ga ko hular kwano bai sa ba."

Suka bi su har kan gada, ruwan tafki na ƙyalli a ƙasa, masu kwale-kwale na komawa gida. Sabi bai ɗauke ido daga bayan yaron ba. Ya ga yadda ya zauna a karkace, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen baya, gwiwar hagu a buɗe waje, yadda manoman Banikwara ke zama in sun ɗauko buhun taki. Tamu bai taɓa hawa babur ba a rayuwarsa. Wannan dai ba a gidansa aka koya ba.

Da suka shiga Kwatano, babur ɗin ya karya kwana ya nufi asibiti. Direba ya rage gudu yana jiran umarni. Sabi ya bi shi da kallo har motoci suka shiga tsakaninsu.

"Mu je gida," ya ce. "In ta tambaya, ka ce aiki ne ya riƙe shi."